Tarihin Tayar da Hannun da Ya Shanye

Aikin gashi nake yi a wani asibitin gwamnati, kuma galibin waɗanda ake turo mini a keken marasa lafiya masu shanyewar ɓarin jiki ne: hannu ya lanƙwashe a ƙirji, ƙafa tana jan ƙasa, baki ya karkace, wani ma magana ta ɗauke. Mutane kan zaci sana'ar tamu tsohuwa ce kamar ɗori ko wanzanci. Ciwon dai tsoho ne. Amma yarda da cewa za a iya zama da wanda ƙwaƙwalwarsa ta ji rauni a sake koya masa ɗaga cokali, kuma koyarwar ta yi amfani, ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai da samun gindin zama a asibitoci ba. Kafin nan, abin da aka fi yi wa irin wannan majinyaci shi ne a kwantar da shi a zuba masa ido.

Wannan hukunci a rubuce yake tun zamanin Fir'aunonin Masar. Akwai wani kundin tiyata da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ana kiransa da sunan Edwin Smith, Ba'amurken da ya saye shi a Luxor a 1862. Raunuka 48 aka bayyana a ciki, kuma likitan yakan sa kowane rauni a ɗaya daga cikin aji uku: wanda zai yi wa magani, wanda zai yi fama da shi, da wanda ba a taɓawa. Mutumin da ya fashe a gefen kai har magana ta ɗauke, da wanda wuyansa ya goce hannuwa da ƙafafu suka mutu, duk a aji na uku ya sa su. Daga baya likitocin Musulmi sun ƙara fayyace ciwon. Ibn Sina a cikin Alƙanun ya bambanta faɗuwar farat ɗaya da mutuwar ɓari da karkacewar baki, ya kuma yi babi-babi a kan tausa da motsa jiki. A 1658 wani likitan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya buɗe kawunan waɗanda faɗuwar ta kashe, ya ga jini ne ya tsinke a cikin ƙwaƙwalwa, ya kuma ce toshewar jijiyar jini ma tana iya kawo hakan. An san sababi ke nan, amma hannun da ya shanye yana nan inda yake.

Mutumin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamani shi ne Louis Leborgne. Yana ɗan shekara 30 magana ta ɗauke masa, ya rage da gaɓa ɗaya tak, “tan”, wadda yake maimaitawa ko me aka tambaye shi. Shekara 21 ya yi a asibitin Bicêtre da ke bakin birnin Paris. Da ya rasu a Afrilun 1861, Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa ya samu rami a gaba ta ɓangaren hagu, kuma daga nan aka fara gane cewa magana tana da mazauninta. Har yau ƙwaƙwalwar tana ajiye a Paris, ɗaliban likita a ko'ina suna haddace labarinta. Ni kuwa shekarun nan 21 nake tunani, na mutumin da yake gane abin da ake faɗa masa amma ba shi da hanyar mayar da amsa.

Gano mazaunin kowane aiki a ƙwaƙwalwa ya zo da wata illa. In magana a nan take, kuma nan ya lalace, to shi ke nan. Santiago Ramón y Cajal, babban masanin jijiyoyi na ƙasar Sifen wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, ya rubuta cewa hanyoyin ƙwaƙwalwar baligi kafaffu ne, suna iya mutuwa amma ba sa sake tsirowa. Ya ƙara da fatan masu zuwa za su sauya wannan hukunci, sai dai rabin farko na maganar ne aka yi ta koyarwa shekara da shekaru.

Waɗanda suka fara tsaga wannan bango ba manyan masana ba ne sosai, masu zama da majinyata ne. Heinrich Frenkel, likita a ƙauyen Heiden na Suwizalan, yana da majinyaci da tunjere ya ci wa laka, wanda in an ce ya taɓa hancinsa da yatsa sai hannun ya kauce. Bayan wani lokaci mutumin ya dawo ya taɓa hancin daidai. Da aka tambaye shi, sai ya ce ya yi ta gwadawa ne a gida don ya ci jarrabawar likita. Frenkel bai wuce wannan amsa ba. Ya zana layuka da sawun ƙafa a daɓen ɗaki, ya sa majinyata su riƙa takawa suna kallon ƙafafunsu, sau ɗari, sau dubu. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ne wannan, kuma har gobe muna zana irin layukan nan da alli ko da salatef.

Yaƙi ne ya mayar da abin sana'a. A Yaƙin Duniya na Ɗaya samari da yawa sun rayu da harsashi ko ɓaraguzan bam a ka, kuma gwamnati ba za ta iya ajiye dubban 'yan shekara ashirin a gado har mutuwa ba. Walther Poppelreuter ya buɗe musu cibiya a Cologne, Kurt Goldstein ya buɗe tasa a Frankfurt a 1916. Asibitin Goldstein yana da ɗakin kwanciya, da ɗakin gwaje-gwaje, da makaranta, da wurin koyon sana'a, duk a haraba ɗaya, domin burinsa sojan ya koma neman abincinsa. Shi ne ya lura cewa mai raunin ƙwaƙwalwa in aka ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa yakan rikice gaba ɗaya, ya yi gumi, ya fusata ko ya fashe da kuka, har abin da ya iya ɗazu ya gagare shi. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki ya ga wannan, kuma sau da yawa dangi kan ɗauka taurin kai ne. A daidai lokacin, a asibitin St Elizabeths na Washington, Shepherd Ivory Franz ya ba da rahoto a 1915 cewa mutanen da suka yi shekaru da yawa da shanyewar ɓari sun samu motsi bayan horo. A 1917 shi da abokin aikinsa Ogden suka raunata sashen motsi a ƙwaƙwalwar birai, suka ɗaure musu hannun mai lafiya, suka riƙa motsa wanda ya shanye. Cikin makonni kaɗan hannun ya dawo aiki. Aka buga sakamakon, aka manta da shi kusan shekara hamsin.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Alexander Luria ya shugabanci wani asibitin masu raunin kai a Kisegach, can cikin duwatsun Ural na Rasha. Nan aka kawo masa Lev Zasetsky, ɗalibin koyon injiniya da harsashi ya shiga ta bayan kansa na hagu ranar 2 ga Maris 1943, a yankin Smolensk. Zasetsky ya daina ganin duk abin da ke damansa. Yakan manta inda gwiwar hannunsa take. Ya kalli jarida ya ga baƙaƙen kamar na wani harshe. Karatu ya dawo masa da ƙyar, harafi bayan harafi, amma rubutu ya ƙi sam, domin da zarar ya tsaya tunanin siffar harafi sai ta ɓace. Sai Luria ya ce masa kada ya yi tunanin harafin, kada kuma ya ɗaga fensir daga takarda, ya bar hannun ya tafi da kansa. Hannun ya rubuta. Abin da ido ya manta, sabon hannu na shekaru bai manta ba. Da wannan hanya Zasetsky ya yi shekara 25 yana rubuta labarin kansa, wata rana rabin shafi ne aikin yini guda, har ya tara shafi kusan 3,000, alhali karanta abin da ya rubuta wahala ce a gare shi. Bai warke ba har ya rasu a 1993. Abin da Luria ya koyar shi ne cewa kowane aiki, ko rubutu ko tafiya ko magana, sassa da yawa ne suke haɗuwa su yi shi, don haka in ɗaya ya lalace sai a nemi wanda ya rage a bi ta kansa. Kamar gada ce ta karye da damina: masu tafiya kan yi ratse ta cikin gona, kuma yawan takawa ne ke mayar da ratsen hanya.

Na ga wannan ido da ido a wajen wata dattijuwa da ɓarin damanta ya shanye. Kalma ɗaya ta rage mata, ita take ba kowa amsa da ita, har sunan 'yarta da ke jinyarta ya gagare ta. Wata azahar 'yar ta yi mata alwala, ta gyara mata zama a bakin gado, sai muka ji tsohuwa tana karanta Fatiha tun daga farko har ƙarshe, ba gargada. 'Yar ta riƙo rigata tana kuka, tana cewa, “Likita, wallahi Inna ta warke!” Na zaunar da ita na yi mata bayani cewa abin da aka haddace aka maimaita tun yarinta yana da tasa hanyar daban da maganar da mutum ke ƙirƙira a take, kuma tun 1745 wani marubucin ƙasar Suwidin, Olof Dalin, ya ba da labarin mutumin da kalma ɗaya ta rage masa amma yana rera waƙoƙin coci. A Boston ma a 1973 an gina wata hanyar koyar da magana a kan rerawa. Daga nan muka kama. Gaisuwa muka fara, domin ita ma haddatacciya ce: “Inna, ina kwana?” sai mu yi shiru mu jira. Sai ƙirga, sai ranakun mako, sai mu fara jimla mu bar mata ƙarshen. Ta bar asibiti tana iya neman ruwa da bakinta, tana kiran 'yarta da sunanta.

Sauran tarihin tsakiyar ƙarnin zan taƙaita shi. Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu raunin laka a Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya sa ana juya su kowace awa biyu dare da rana don kada gyambon kwanciya ya kashe su, kuma gasar harbin kibiya da ya shirya wa mutum 16 a 1948 ita ce ta girma ta zama gasar naƙasassu ta duniya. Berta da Karel Bobath sun kafa tasu hanyar a Landan, wadda ta mamaye makarantun gashi. Annobar shan inna ta ƙara yawan masu sana'ar a ko'ina. A Nijeriya aikin ya fara ne a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara koyar da shi a matakin digiri a 1966.

Aikin Franz da aka manta, Edward Taub ne ya tono shi a Amurka. Ya yanke jijiyoyin ji na hannu ɗaya a birai, sai birin ya daina amfani da hannun duk da cewa jijiyoyin motsi lafiyarsu ƙalau. In aka ɗaure mai lafiyar na wasu kwanaki, sai ya koma amfani da wancan. Taub ya ce birin ya koyi rashin amfani da hannun ne: ya gwada a kwanakin farko ya kasa, ya gwada ɗayan ya dace, daga nan bai sake waiwayarsa ba ko bayan ƙarfi ya fara dawowa. Biran sun sha wuya, har 'yan sanda suka kwashe su daga ɗakin bincikensa na Silver Spring a 1981, aka yi shari'a, kuma bai kamata a ba da wannan tarihi a ɓoye hakan ba. A 1996 Randolph Nudo ya nuna abin da ke faruwa a cikin kai: birin da aka jawo wa ƙaramar shanyewa aka bar shi, yankin hannu da ke kewaye da raunin ma sai ya tsuke, wanda aka sa shi ya yi ta tsintar ƙwayar abinci daga ƙananan ramuka, yankin nasa bai tsuke ba. Sai a 2006 aka kammala babban gwaji a kan mutane, mai suna EXCITE. Majinyata 222 ne, wata uku zuwa tara bayan faɗuwarsu. Rabinsu aka sa wa hannun mai lafiya a cikin safar hannu kusan duk yini na mako biyu, ana horar da ɗayan har awa shida a rana. Sun fi sauran samun amfanin hannu, kuma bambancin yana nan bayan shekara guda.

Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan dangi a wajenmu, domin ya ci karo da tausayi da ladabi. Akwai wani tsohon tela da 'ya'yansa ba sa bari ya ɗaga ko kofi. Wannan ya ba shi abinci a baki, wancan ya sa masa hula. Yatsunsa na dama kuwa suna ɗan buɗewa, wanda shi ne sharaɗin gwada wannan hanya, domin ba ta yi wa hannun da babu motsi ko kaɗan a cikinsa. Na sa masa hagun a cikin safa, na zuba maɓallan riga a faranti, na ajiye gwangwani a gefe. Na farko ya ɗauke shi kusan minti guda, kafaɗa tana ɗagawa, harshe a waje, gumi yana tsattsafowa a goshi. Babban ɗansa ya miƙo hannu zai taimaka, na riƙe shi. Maɓallin ya faɗa gwangwani, ƙwal. Na ce, “Baba, a ƙara ɗaya.” Ya dube ni ya ce, “Yaro, ka san dozin nawa na ɗinka na wannan?” Na ce, “Shi ya sa na kawo su, Baba.” Ya sunkuya ya nemi na biyu.

Binciken shekarun baya-bayan nan ya zo da gyare-gyare, wasu ma ba a so jin su ba. Akasarin masu sana'ar sun ɗauka in tayar da majinyaci da wuri yana da kyau, to ƙara saurin ya fi. Julie Bernhardt ta ƙasar Ostireliya ta jagoranci gwajin AVERT a kan mutum 2,104 a ƙasashe biyar, aka buga a 2015. Waɗanda aka tayar cikin awa 24 na farko aka kuma yawaita musu motsi, kashi 46 cikin ɗari ne suka samu kyakkyawan sakamako bayan wata uku. Waɗanda aka bi da su yadda aka saba, kashi 50. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni jiya tana bukatar a lallaɓa ta. Na'urori ma ba su cika alkawarin da aka ɗora musu ba. Gwajin LEAPS na 2011, mai mutum 408, ya nuna injin koyon tafiya mai rataye majinyaci bai fi ma'aikacin gashi da ke zuwa gida ba. Gwajin RATULS na 2019 a Birtaniya, mai mutum 770, bai ga fifikon mutum-mutumin motsa hannu ba. Akwai sabbin abubuwa masu ban sha'awa, ba na musu. A 2021 wani gwaji da Jesse Dawson na Glasgow ya jagoranta ya nuna na'urar da ke zaburar da wata jijiyar wuya tana ƙara amfanin horo, a 2023 kuma likitoci a Lausanne sun haɗa ƙwaƙwalwar wani mai raunin laka da lakarsa ta na'ura har ya taka. Amma ko a waɗannan, na'urar tana tafiya ne tare da dogon horo.

Inda aka fi samun haske shi ne batun yawa da lokaci. A 2009 Catherine Lang ta ƙirga sau nawa majinyaci ke motsa hannu don wani aiki a zaman gashi guda a Amurka da Kanada, ta samu kimanin 32, alhali dabbobin da ƙwaƙwalwarsu ta sauya a ɗakin bincike ɗaruruwa suke yi a rana. A asibitin Queen Square na Landan, Nick Ward ya ba majinyata 224 horon awa 90 cikin mako uku, da yawansu sun haura shekara da faɗuwa, kuma hannuwansu sun ƙaru. A Jamus a 2017 an gwada horon magana na aƙalla awa 10 a mako, mako uku, ga waɗanda suka wuce wata shida da ɗaukewar magana, aka ga ci gaba. Wani ƙaramin gwaji na 2021 a Washington, mai mutum 72, ya nuna ƙarin awa 20 ya fi amfani in aka ba da shi tsakanin kwana 60 zuwa 90 bayan faɗuwa. Wato ƙofar ba ta rufuwa a wata shida kamar yadda ake faɗa wa mutane, amma watannin farko sun fi kowane lokaci daraja. Abin baƙin ciki, su ne watannin da majinyatanmu da yawa ke ƙararwa ana yawo da su neman maganin iska ko jifa, ko suna kwance a ɗaki saboda babu kuɗin mota. Ba na hana kowa addu'a da rubutu. Roƙona kawai a haɗa da motsa hannun, a kuma ci gaba da shan maganin hawan jini.

Hawan jinin nan shi ne uwa uba. Binciken SIREN da Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitoci 15 na Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya duba masu shanyewar jiki 2,118. Matsakaicin shekarunsu 59, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai 50 ba, kuma hawan jini ne ya rinjayi duk sauran dalilai nesa ba kusa ba. Magidanta ne da iyaye mata masu ɗawainiya, waɗanda in hannunsu bai dawo ba gida guda ne ke durƙushewa.

Da yake ma'aikata sun yi kaɗan, kowa yakan ce a koya wa dangi su yi, tunda mu ba ma barin majinyaci shi kaɗai. An gwada wannan a Indiya, ƙasar da jinya ke hannun dangi kamar tamu. Gwajin ATTEND na 2017 ya ɗauki mutum 1,250 a asibitoci 14, aka koya wa masu jinyar rabinsu a asibiti, aka bi su gida har wata biyu. Bayan wata shida, kashi 47 cikin ɗari a kowane ɓangare sun rasu ko suna dogara da wani. Babu bambanci. Sakamakon ya yi mini nauyi, domin a kan dangi duk aikina ya dogara. Yadda na fahimce shi, koyarwar 'yan kwanaki ba ta mayar da ɗa ko mata ma'aikacin gashi. Dole a samu mai ilimin da zai riƙa dawowa yana duba hannun, yana ƙara wahalar aikin daidai gwargwado, yana kuma ƙirga yawansa. Shi ya sa yanzu nake sa masu jinya su sayi carbin nan na dannawa da ake sawa a yatsa, su danna duk lokacin da aka ɗauki maɓalli ko aka tashi daga kujera, su rubuta jimillar kowace rana a littafi su kawo mini. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan farfaɗo da majinyata, yana neman ƙasashe su sa aikin cikin kiwon lafiya matakin farko. A wajenmu ma'anar hakan ita ce a horar da mataimakan gashi a ajiye su a asibitocin ƙananan hukumomi, inda mai jinya zai iya kai tsohonsa a Keke Napep sau uku a mako, tun cikin watan farko.